Ludayin Miya a Hannun Hagu

Ran Asabar muna zaune a mamak, shagon shayin nan na ƙasan gidanku a Danau Kota, Khalifa ya miƙo min wayarsa yana dariya, wai in ga katun ɗin da ya haɗa a minti goma. Wani mutum ne mai ƙaton kai, yana tafiya ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, kamar an ɗora shi a faranti ana ja. Ya ce, "Yaya Nura, this thing is easy lah. Kai me kake yi shekara bakwai?" Na juya kan shayina da ke hucewa. Amma tunda ku biyar kuka yi dariyar, ku biyar ɗin zan ba amsa, kuma a rubuce, don na san in na fara magana rabinku zai koma kan waya.

Kowa dai ya san ban gama sakandare ba. Abba ya kawo mu nan da ya zo karatunsa, aka sa ni makaranta, na yi shekara biyu ina kallon taga. Da na fita na sayar wa ɗalibai layin waya. Na bi wani ejan mai aika kaya Najeriya ina ɗaure masa kwali. Na yi wankin kwano a wani kedai, ɗan gidan abinci, kwana uku, ran na huɗu ban koma ba. Ba na iya zama waje ɗaya, shi ne matsalata tun ina ƙarami.

Wata rana Umma ta aike ni titin Jalan Tuanku Abdul Rahman in sayo mata yadin mayafi. Ruwa ya sauko, irin na ƙarfe uku ɗin nan, na fake a wata matattakala tsakanin shagunan yadi biyu. Ni da ba na tsayuwa, sai na hau sama in ga me ke can. Ƙofa a buɗe. Wani tsoho ya sunkuya a kan tebur, haske na fitowa daga ƙarƙashin teburin, ya saƙala takardu huɗu a tsakanin yatsunsa yana kaɗa su gaba da baya. A kan takardar wata kyanwa tana tsalle. Ba waya, ba kwamfuta. Fensir ne da takarda, amma kyanwar tana tsalle. Na tsaya har ruwa ya ɗauke. Bai ɗago ba ya ce da Turanci, "In kallo za ka yi, matsa daga hasken ƙofa." Mayafin Umma sai washegari.

Shi ne Pak Harun. Pak ɗin kamar ka ce Baba ne a wajen 'yan ƙasar nan. Ba za ku same shi a waya ba, ku daina nema. Tun yana saurayi yake zana wa wata jarida labarin barkwanci, zane mai gida huɗu kullum, wani mai aski ne da agwagwarsa da ke bin sa ko'ina. Ya ce ya yi shekaru bai tsallake rana ɗaya ba, har ranar ɗaurin aurensa sai da ya miƙa na washegari. Da talabijin ta fara neman talla mai motsi, yana cikin na farko-farko da suka sa zane ya yi tafiya a garin nan, kuma babu wanda ya koya masa. Gidan siliman unguwarsu yake zuwa ya roƙi guntayen fim da suka tsinke aka yar, ya ɗaga su a rana yana ƙirga hoto nawa mutum ke ci kafin ya ɗaga ƙafa ya ajiye. Teburin ma shi ya haɗa da hannunsa, da aljihun wata tsohuwar durowa da gilashin kanti.

Kayan aikin ba su da yawa. Teburin nan mai gilashi da kwan fitila a ciki, don in ka ɗora takarda a kan takarda ka hango zanen ƙasa. Ƙusoshi uku a gefen sama, kowace takarda an huda ta daidai da su, don kar zane ya goce ko da tsinin allura. Fensir shuɗi na lalube, fensir baƙi na gaske. Ƙaramin madubi, in za ka zana mutum yana mamaki sai ka yi mamakin a madubi tukuna. Sai agogon 'yan tsere da yake rataye a wuyansa. Shi ke nan. Sauran a ido yake da yatsu.

Wata biyu na farko huda takarda kawai nake. Na ce masa, "Pak, ni fa na iya zane." Ya ce, "Boleh, ba laifi. Zana min ƙwallo tana faɗuwa." Na zana guda goma sha biyu, don zane sha biyu ne ke ba ka daƙiƙa ɗaya. Ku riƙe wannan. Daƙiƙa ɗaya, ƙiftawar ido biyu, zane sha biyu. Ya kaɗa takardun ya ce, "Wannan ba faɗuwa take ba, lif ta hau." Na jera su tazara ɗaya ne. Abin da ke faɗuwa kuwa a hankali yake farawa, sannan ya ƙara gudu, in ya bugi ƙasa ya ɗan baje kafin ya tashi. Sati biyu ina kan ƙwallon nan. Ni da ban iya zaman minti arba'in a aji ba.

Aikin farko da aka sa hannuna a ciki na Haji Salim ne, mai shagon yadin da ke ƙasanmu. Yana son talla ta daƙiƙa huɗu, labule iska na kaɗa shi. Tsarinmu shi ne Pak ya zana na farko da na ƙarshe da manyan gaɓoɓi, ni in cike tsakiya. Na cike, na miƙa ina jin kaina. Ya ware talatin ya dawo min da su. "Yadi yana da nauyi," ya ce. "Naka hayaƙi ne." Ya tura ni ƙasa, ya ce in roƙi Haji Salim ya bar ni in ɗaga kowane irin yadi in saki. Na wuni ina ɗaga yadi ina saki, masu sayayya na kallona kamar sabon taɓi. Amma na gani. Siliki yana biyo hannu a makare, kamar mai jin nauyin tashi. Auduga faɗuwa take kawai. Leshi yana tsayawa ya yi tunani. Har yau in na ga mace ta gyara mayafi a jirgin LRT, ƙirga zane nake a raina.

Masu kawo aiki kuma kowa da halinsa. Amarya za ta ce a rage mata kumatu a katun ɗin gayyata, ango ya biyo bayanta a ɓoye ya ce a ƙara masa tsawo. Wani mai taliya sau uku yana dawowa, tururi bai isa ba, har tururin ya rufe kwanon, sannan ya ce yanzu ne. Namu 'yan Najeriya kuwa, in mutum ya gama digiri sai ya zo a zana shi yana fitowa daga wata ƙatuwar mota. Pak ya taɓa tambayar wani, "Motar taka ce?" Ya ce, "Uncle, just draw am." Pak ya zana, amma ya ce min in lura, mutumin da ba shi da mota ba haka yake rufe ƙofarta ba, a hankali yake rufewa. Haka muka zana shi, shi kuma bai gane ba, ya ce ya yi kyau.

Sai shekarar korona. Kun tuna, ku kuna gida ana muku karatu ta kwamfuta kuna buga wasa a ƙasan tebur. Mu aiki ne ya mutu tsaye. Babu biki, babu buɗe shago, titin yadin nan da ba ka samun wajen sa ƙafa ya koma kamar an share. Pak ya koma gidan 'yarsa, Kak Aida, can wajen gari, tsakaninmu shingen 'yan sanda ya fi biyu. Dama ta daɗe tana so ya bar aikin. Hannunsa ya fara rawa, benen ga tsayi.

Ita ta kira ni da hantsi. Ta ce, "Nura, Baba ba zai sake hawa benen nan ba. Mai ginin yana so ya ji matsayinmu kan haya bayan sallah. Ni dai na ce a kwashe komai a rufe." Sai na ji muryarsa a bayanta yana cewa ta ba shi wayar. Ya ce, "Ka ji ta. Ni ga nawa. Aikin da ya fara zuwa, kai kaɗai za ka yi, daga zanen farko har na ƙarshe, ba zan taɓa fensir ba. In mai aiki ya karɓa, ni ma na karɓa, makulli naka ne, tebur naka ne, masu kawo min aiki in tura maka. In ba haka ba, masu gwangwan su zo su ɗauki teburin." Na ce, "Pak, wane aiki a wannan kullen?" Ya ce, "Wannan kuma ba ni zan zana maka shi ba."

Aikin ya zo daga hawa na shida a gidanmu na Wangsa Maju. Hajiya Binta, matar wani malamin jami'a, ƙawar Umma, wadda kuka sani da tuwo da miyar kuka da masa. Duk azumi tana da tebur a kasuwar buɗa-baki. Shekarar nan aka hana kasuwar. Ta tare ni a bakin lif, takunkumi a fuska, tana can nesa kamar zan cije ta.

"Nura, kai ne mai zanen 'yan aljanun nan ko?"

"Katun, Hajiya."

"To shi. Ina so ka yi min wanda zan tura wa ɗalibai a waya, su san ana tapau, a ɗaure a leda a kai musu har ƙofa. Kowa hoton abinci yake turawa, har ya gundure mutane. Ni ina so a gan ni ina zubawa."

"Daƙiƙa nawa?"

"Ni na sani? Kar dai ya kai a gaji. Kuma kafin a ga wata. In azumi ya kama ba a san da ni ba, shi ke nan, kowa ya riga ya kama wajen sayensa."

Saura kwana tara. Na ce mata daƙiƙa talatin.

Tebur yana can a kulle a shago, ba halin zuwa. Sai na tuna Pak ya ce kafin ya haɗa teburin, taga yake amfani da ita. Ƙofar barandarmu gilashi ce, rana na bugunta daga safe har wajen la'asar. Na ɗauki katakon yanka albasar Umma na kafa masa ƙusa uku, na ɗaure shi a jikin ƙofar. Faɗan da aka yi a kan katakon nan ba zan rubuta shi ba. Takarda kuma babu shagon da ke buɗe, sai Abba ya turo min kwali guda na tsofaffin shafukan binciken da malaminsa ya yi ta ja wa jan layi, ya ce bayansu fari ne, ko ba komai su yi wani amfanin. A tsaye nake zane, hannu a sama kamar mai fenti. In na gama tari, in jera littattafai in ɗora waya a kai tana kallon ƙasa, in ɗauki hoton kowace takarda ɗaya bayan ɗaya.

Labarin gajere ne. Hajiya a kicin tana zuba miya da ludayi, ta ɗaure leda, ta miƙa. Mai babur ya karɓa, ya hau titi. Ɗalibi ya buɗe ƙofa, ya zauna, ya kai loma. Daƙiƙa talatin zane ɗari uku da sittin ke nan in za ka yi kowanne, amma akwai dabaru na halal. Tayar babur zane huɗu ne kake maimaitawa. Inda mutum ya tsaya cak, zane ɗaya zai riƙe maka rabin daƙiƙa. Kicin ɗin ne ba shi da sauƙi, don hannu ne ke aiki, hannu kuwa shi ya fi komai wuya a sana'ar nan. Kwana uku cur ya ci min.

Ran kwana na shida na haɗa komai a waya na kunna. Sai na ga ɓarna. Na zana Hajiya tana kallon hagu tana miƙa leda. Mai babur ma, da na zana shi wata rana daban, hagu yake kallo. Wato ƙeyarsa take miƙa wa abinci. Na zauna a ƙasa, kafaɗata na zafi. Sai na tuna a cikin manhajar akwai wani ɗan maɓalli, irin wanda Khalifa yake so, kana taɓawa hoto ya juya kamar a madubi. Na taɓa. Kicin ya juya gaba ɗaya, Hajiya ta fuskanci mai babur, leda ta tafi daidai hannunsa. Aikin kwana uku a taɓawa ɗaya. Har na yi wa kaina kirari. Na tura wa Kak Aida ta nuna wa Pak, na tafi na yi wanka.

Ina fitowa waya na ƙara, kiran bidiyo. Fuskarsa ta cika allon, ya matso da ita kusa kamar yadda tsofaffi ke yi.

"Tafiyar babur ɗin ta yi," ya ce. "Tururin ma ya yi."

"Na gode, Pak."

"Matar nan, abinci take sayarwa?"

"Eh."

"Wa za ta sayar wa?"

"Ɗalibai. Namu, da 'yan nan ma in sun so."

"Musulmi, a wata mai alfarma." Ya ƙara matso da wayar. "Da wane hannu take zuba miyar?"

Ban ma buɗe bidiyon ba na sani. Da na juya hoton, komai ya juya. Ludayi ya koma hannun hagu. Da hagu take ɗanɗana gishiri, da hagu take ɗaure leda, da hagu take miƙa wa mutum abin da zai buɗa baki da shi. Ni da aka doke min hannu tun ina shekara uku a kan wannan, na kalli bidiyon nan sau biyar ban gani ba, don ina kallon ko layi ya hau layi ne. Da ya fita haka, ba ni za a zaga ba. A gurup ɗin matan unguwa za a yi ta tura shi, a ce ga Hajiya Binta da hagu take zuba wa mutane abinci. Wani ba zai ce komai ba, zai dai sayi na wata.

Na ce, "To in mayar da ita yadda take, in juya mai babur ɗin."

"Shi da wane hannu zai karɓa?"

Na dubi zanen mai babur ɗin. Hagu.

"Kuma lambar wayar da ka rubuta a akwatinsa za ta koma baibai, kuma zai hau titi ta hannun da ba a bi. Duk wanda ka juya, wani ya zama bahago." Ya gyara tabarau. "Ni ma an taɓa yi min. Lokacin jarida. Mai ɗab'i ya kifa fim ɗin bai lura ba, mai askina ya fito yana cin shinkafa da hagu a gidan surukansa. Ba laifina ba ne, amma sunana ne a ƙasa. Wata guda ana aiko wasiƙa. Wani dattijo ya tako har ofis ya tambaye ni ko ba ni da iyaye."

"Pak, shi ke nan na faɗi?"

"Mai aiki ta gani?"

"A'a."

"To ni ma ban gani ba. Idona ba shi da kyau yanzu. Kwana nawa ya rage?"

"Uku."

"Me kake yi a waya?" Ya kashe.

Zane tamanin da huɗu ne a kicin ɗin. Ba wai ka kwafa ka sauya hannu ba ne, don in ta juyo dama tana aiki da dama, kafaɗar da ke kusa da mai kallo daban ce, ludayin yana wucewa ta bayan tukunya maimakon gabanta, komai sabo. Wannan karon ban yarda da kaina ba. Na je kicin na tsaya a kan Umma da agogon waya.

"Lafiya kake tsaye min a ka?"

"Umma, zuba miya za ki yi in gani."

"Yau ka fara ganin ana zuba miya?"

"Yau zan fara kallo."

Ta yi tsaki amma ta zuba. Na ce ta sake. Ta sake. Ashe ba a ɗebowa kai tsaye. Sai ta zagaya ludayin sau ɗaya ta kore man da ya taso, ta nutsa, ta ɗago, ta ɗan dakata a bakin tukunya ya gama ɗiga, sannan ta kai. Wannan 'yar dakatawar ba ta cikin zanena na farko sam. Na ce to ta miƙo min ledar kamar ni ne mai babur. Ta miƙo da dama, hannun hagunta kuma ya biyo ya tallafi gwiwar hannun daga ƙasa.

"Umma, me ya sa kika sa ɗaya hannun?"

Ta dubi hannun nata kamar ba nata ba. "Haka ake yi mana. Abinci ne. Za ka miƙa wa mutum da hannu ɗaya kamar kana ba shi shara ya zubar?"

Wannan tallafin ya ƙara min zane goma a kan tamanin da huɗun, a lokacin da ba ni da lokacin ko ɗaya. Na tsaya ina lissafi a bakin ƙofa, in sa ko kar in sa. Babu wanda zai ce ya ga babu shi. Na sa.

Kwana na farko na yi talatin da biyar. Na biyu hadari ya haɗo tun azahar, gilashin ya yi duhu, ba na hango zanen ƙasa. Ina ta zagaye falo kamar kaza za ta yi ƙwai. Abba yana kan kwamfutarsa ta cinya, ya ɗago ya dube ni, ya dubi baranda. Ya buɗe farin shafi, ya ƙure hasken, ya kwantar da allon ya turo min. "Kar ka danna da ƙarfi," ya ce. "Shekara biyar ɗina na ciki." A kan allon nan na yi ashirin da shida, ina riƙe fensir kamar mai sa wa jariri kwalli. Ran na uku rana ta fito, na gama sauran kafin la'asar, yatsana na tsakiya ya kumbura ya yi ƙwai.

Ku da kuke cewa waya ce ke yi, ba ƙarya kuka yi ba, tana yi. Ni ma da ita nake ɗaukar hoto, yanzu har allon zane nake da shi. Amma waya ba ta san wane hannu ake ba mutum abinci da shi ba. Ba ta san ana dakatawa miya ta ɗiga ba. Za ta juya maka duniya a taɓawa ɗaya, ba ruwanta da wanda zai ji kunya.

Na hau hawa na shida na ƙwanƙwasa. Hajiya ta buɗe, na miƙa hannu da wayar daga nesa na kunna. Ta kalla har ƙarshe. Ta ce in sake.

"Wannan ni ce?"

"Ke ce, Hajiya."

"Ka rage min jiki. Allah ya yi maka albarka." Ta matso taku ɗaya, ta manta da korona. "Tsaya, mayar da shi baya. Nan. Ka ga yadda ta miƙa? Wa ya gaya maka haka nake yi?"

"Ba haka kike yi ba?"

"Haka nake yi mana. Ban dai san ana gani ba." Ta juya ciki ta ɗaga murya, "Abban Walid, zo ka ga 'yar aljanar nan ta fi 'ya'yanka ladabi."

Ta ce miyar ta ɗan yi ruwa a ido, amma a bar shi haka, kar a ce tana cika kuka. A ranar ta tura. Kwana uku da kama azumi ta aiko Walid ya ari babbar tukunyar Umma.

Mai aiki ta karɓa. Saura ɗaya. Na tura wa Kak Aida sabon, na zauna. Ranar bai kira ba. Washegari ma shiru har azahar, ina ta duba waya ko ta lalace. Sai Kak Aida ta rubuto wai tun jiya yake sa ta tana tsayar masa da bidiyon hoto ɗaya-ɗaya, hannunta ya gaji. Bayan la'asar ya kira, ba bidiyo, murya kawai.

"Nura."

"Na'am, Pak."

"Dakatawar da ludayin ya yi, zane nawa ka ba ta?"

"Biyar."

"Ni huɗu zan ba ta." Ya yi tari. "Biyar ɗin ta fi."

Shekara huɗu ina tare da shi lokacin, ban taɓa jin ya ce wani abu nawa ya fi ba.

"Makulli yana wajen Haji Salim, ran da aka buɗe titi ka je ka karɓa. Aida ta gaya wa mai ginin. Kwan fitilar in ya mutu kar ka sa mai zafi, yana nannaɗe takarda. Kuma zane na sittin da uku, babban yatsanta ya yi tsawo."

"Pak, daƙiƙa ɗaya zane sha biyu ne. Wa zai gani?"

"Na gani," ya ce, ya ajiye waya.

Ran da aka sassauta kulle na hau LRT da kwalin takardun a cinyata. Haji Salim ya ciro makulli daga ƙarƙashin wani bandir ɗin leshi ya ba ni, ya ce in buɗe taga, ɗakin ya kwana biyu. Na hau, na goge ƙurar gilashin da hannun rigata, na kunna fitilar, ta kama. Kafin in share ɗakin, kafin in zauna ma, na tona kwalin na ciro na sittin da uku, na zura shi a ƙusoshin.

Ya yi tsawo kam. Na feƙe fensir.